HP ɗin da ke jikin laftof ɗinka ba shi ne HP na asali ba

Akwai wani abu da ya daɗe yana cin raina a kan kamfanin nan HP, yau dai na ce bari in zauna in warware shi yadda na fahimce shi. In ka tare mutum goma a kasuwar 'yan kwamfuta ka ce musu me HP yake yi, duk goman za su ce maka laftof da firinta, kuma ba ƙarya suka yi ba tunda abin da ke gabansu kenan. To amma kamfanin da Bill Hewlett da David Packard suka kafa a 1939 ba na kwamfuta ba ne, kamfanin awo ne, masu ƙera na'urorin da injiniyoyi da masana kimiyya suke gwaji da aune aune da su. Kuma wannan sana'ar tana nan da ranta har gobe, sunan ne kawai aka karɓe mata aka bar wa ƙanwarta.

Ni kaina a ɗakin gwaji na makaranta na fara sanin haka. Akwai wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka a kan benci, nauyi kamar me, gabansa duk maɓallai da wani babban abin murɗawa, fentin gefen abin murɗawan har ya goge saboda yawan taɓa hannu, sai na hango ƙananan haruffan hp a kusurwa. Na ce wa dattijon da ke kula da ɗakin, Malam wai HP har irin wannan suke yi? Ya dube ni ya ce yaro ai wannan shi ne aikinsu, firinta daga baya ta zo. Ya kunna shi, ya ce mu ba shi minti kaɗan ya ɗumama, sannan ya jona, lambobi suka fito suka tsaya cak ba rawa. Na'urar ta girme ni, amma ita ake gwada sabbin da ita a ga ko suna faɗin gaskiya.

Kafin mu shiga tarihin bari mu fara da me yasa awo yake da wannan muhimmancin. Mai sayar da hatsi yana da mudu da tiya, mai yadi yana da tef, mai gwal yana da sikeli, kuma duk abin da suke aunawa ido yana ganinsa. Wutar lantarki fa? Ba a ganinta, ba a ɗaukarta a hannu, siginar rediyo ma haka. Injiniyan da ba shi da abin awo lalube yake a duhu. Ko mai gyaran waya a bakin titi ka lura da shi, kafin ya ɗora ayan sai ya ɗauko mita, ya dangwala jar waya nan baƙa can, ya ga ko layin ya yanke ko wuta na wucewa. To ka ɗauki wannan mitar ka ninka ƙwarewarta sau dubbai, wannan ita ce kasuwar da HP ya taso a ciki. Duk wanda zai ƙera rediyo ko rada ko tauraron ɗan adam ko wayar salula sai ya fara sayen abin da zai auna aikinsa da shi.

Su biyun a jami'ar Stanford da ke Kalifoniya suka haɗu, suka gama digirin farko a 1934. Malaminsu Frederick Terman shi ne ya ga suna da abin yi, kuma yana jin takaicin yadda ɗalibansa masu kai suke gamawa su tafi gabashin Amurka neman aiki. Packard ma ya tafi, ya yi aiki da General Electric a Schenectady ta jihar New York, Terman ya yi ta dabara har ya dawo da shi a 1938. Suka kama haya a gida mai lamba 367 a titin Addison cikin garin Palo Alto, Packard da amaryarsa Lucile a cikin gidan, Hewlett a wani ɗan ɗaki a baya, garejin mota ɗaya kuma ya zama masana'anta. Jarinsu dala 538. Da aka zo sa suna sai suka jefa kwabo, Hewlett ya ci, shi yasa ake cewa Hewlett-Packard ba Packard-Hewlett ba. Ranar 1 ga Janairu 1939 suka ƙulla haɗin gwiwar a hukumance.

Abin da suka fara fitarwa shi ne 200A, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya don duk halin kamfanin yana cikin wannan akwatin. Osileta ce ta sauti, wato na'urar da za ta fitar maka da sigina tsantsa a daidai yawan kaɗawar da ka murɗa, sau dubu a daƙiƙa ko sau dubu goma, sai ka tura ta cikin amfilifaya ko lasifika ka ga yadda za ta fito ta ɗaya gefen, daga nan ka san lafiyar kayanka. Matsalar irin wannan na'ura tun da can ita ce ƙarfin siginar ba ya zama wuri ɗaya. In ka rage mata ƙarfi kaɗan sai ta mutu, in ka ƙara kaɗan sai ta yi ta hawa har ta gurɓace ta daina zama tsantsa. Masu yi a lokacin da manyan kayan haɗi masu tsada suke fama.

Hewlett sai ya sa ƙwan fitila a cikin da'irar. Ƙaramin ƙwai irin mai zaren nan da ke yin ja in ya ji wuta. Halin zaren ƙwan fitila shi ne in ya yi zafi turjiyarsa ga wuta tana ƙaruwa, in ya huce ta ragu. To in sigina ta fara hawa fiye da kima sai zaren ya ɗau zafi, turjiya ta ƙaru, ta ja wa amfilifayar linzami, in kuma siginar ta fara faɗuwa sai zaren ya huce ya sakar mata. Ba mai taɓawa, da kanta take daidaita kanta. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan dabarar sai ta burge ni, abu ne na 'yan kwabbai da ke rataye a kowane gida amma ya magance abin da ya gagari manya. Aikin da ya yi ne a matsayin ɗalibi ƙarƙashin Terman ya koma haja.

Sun sa mata kuɗi dala 54 da santi 40 a lokacin da na wasu kamfanonin suka haura dala 200. Lambar 200 ɗin ma da gangan suka sa, don kar mai saye ya gane cewa ita ce ta fari. Fentin fuskar akwatin kuwa a cikin oben ɗin girkin Lucile ake gasa shi. Babban cinikin farko daga kamfanin fim na Walt Disney ya zo, suka sayi guda takwas na samfurin da aka ɗan gyara, 200B, a kan dala 71 da santi 50 kowace, don gwada kayan sautin fim ɗinsu Fantasia da ya fito a 1940. Shekarar farko cinikinsu ya kai dala 5,369, riba dala 1,563.

Yaƙin duniya na biyu ya buɗe musu kasuwa, don soja na buƙatar kayan gwajin rediyo da rada. Hewlett ya tafi aikin soja, Packard ya riƙe gida. A 1947 suka yi rajista a matsayin cikakken kamfani, a 1957 suka shiga kasuwar hannun jari. Tsakanin nan a 1951 suka fito da 524A, na'urar ƙirga kaɗawar sigina, aikin da da yake cin kusan minti goma ya dawo daƙiƙa ɗaya ko biyu, gidajen rediyo suka yi ta saye saboda hukuma ta tsare kowa ya tsaya a kan layin da aka ba shi kar ya hau na maƙwabci. Daga nan sai faɗaɗa, masana'anta a Böblingen ta Jamus a 1959, suka sayi Sanborn mai kayan asibiti a 1961, haɗin gwiwa da Yokogawa na Japan a 1963, suka sayi F&M Scientific mai na'urorin tantance sinadarai a 1965. Ku riƙe waɗannan biyun, kayan asibiti da na sinadarai, za su dawo a gaba. A 1964 kuma suka yi agogon atom na siziyom, 5060A, aka riƙa sa shi a jirgin sama ana zagaya ƙasashe da shi don a daidaita agogunan manyan ɗakunan gwaji na duniya su zama bakinsu ɗaya.

Wani abu da ya taimake su shi ne masu ƙera kayan su ne irin masu sayen kayan. Injiniyan HP in yana neman abin da zai ƙirƙira ba sai ya je nesa ba, ya leƙa bencin da ke kusa da nasa ya ga me ke wahalar da abokin aikinsa, in ya magance masa to ya magance wa dubban injiniyoyi a waje. Sannan ga yadda suka riƙe ma'aikata, abin da aka sani da HP Way. Ana raba riba da ma'aikata, manaja ba ya kulle kansa a ofis, zagayawa yake yana ganin aiki da idonsa, kuma sunan yanka ake kiran kowa har su masu kamfanin, Bill da Dave. Labarin nan sananne ne cewa Hewlett ya zo ranar hutu ya tarar an sa wa ɗakin ajiyar kayan haɗi kwaɗo, ya samo abin yanka ƙarfe ya datse shi ya bar takarda cewa kar a sake kullewa. A 1970 da kasuwa ta faɗi maimakon su sallami mutane sai kowa tun daga sama har ƙasa ya haƙura da kashi 10 cikin 100 na albashi, ana hutun rana ɗaya a duk mako biyu, har abubuwa suka miƙe. Ni a ganina wannan tsarin ba kyauta ba ce kawai, sana'ar ce ta buƙaci haka, don na'urar awo ba ta yiwuwa da ma'aikacin da hankalinsa ke kan ko gobe za a kore shi, kuma ƙwarewar da mutum ya tara a shekara ashirin ba a sayenta a kanti.

Toh ta ina kwamfuta ta shigo? Ta ƙofar awo ta shigo. Kwamfutarsu ta farko, 2116A ta 1966, an yi ta ne don ta sarrafa na'urorin gwaji ta tattara sakamakonsu, 'yar aike ce ba uwar gida ba. Daga baya ma hanyar da suka ƙirƙiro ta haɗa na'urori da kwamfuta, HP-IB, ita aka ɗauka ta zama ƙa'idar kowa a 1975 da sunan IEEE 488, har yau za ka ga wannan faffaɗan soket ɗin a bayan kayan gwaji. A 1968 suka yi 9100A ta kan tebur a kan dala 4,900, wadda kusan kwamfuta ce amma suka kira ta kalkuleta. Sai Hewlett ya ce yana son irinta da za ta shiga aljihun rigarsa, masu binciken kasuwa suka ce ba za ta sayu ba, ya ce a yi. A 1972 HP-35 ta fito, maɓalli 35, dala 395, cikin 'yan shekaru ta kashe kasuwar rular lissafin nan da injiniyoyi suke yawo da ita. A sashen kalkuletan nan ne Steve Wozniak yake aiki lokacin da ya zana kwamfutar da ta zama Apple ta farko, ya kai wa HP suka ce ba sa so. Shi ma Steve Jobs yana ɗan shekara 12 ya buga wa Hewlett waya har gida yana roƙon kayan haɗa na'urar ƙirga sigina, ya samu kayan har da aikin hutu.

Inda lissafi ya juye shi ne 1984, shekarar da firintocinsu ThinkJet da LaserJet suka fito, ita LaserJet da injin Canon a cikinta. Firinta ta kawo kuɗin da awo bai taɓa mafarkin gani ba, musamman tawada da ake saye ana sake saye. Kuma sana'o'in biyu ba halinsu ɗaya ba ko kaɗan. Na'urar awo ana sayar da 'yan dubbai, da tsada, da riba mai kauri, mai saye ya san abin da yake so kuma zai yi shekara ashirin yana amfani da ita. Firinta da kwamfuta miliyoyi ake fitarwa, riba siririya, farashi kullum faɗuwa yake, samfurin bana baɗi ya tsufa. Zuwa 1998 cinikin HP ya kai kusan dala biliyan 47, ɓangaren awo gaba ɗaya bai wuce biliyan 8 ba. Wanda ya gina gidan ya koma zaman ɗakin soro.

Packard ya rasu a 1996. A watan Maris na 1999 shugaban kamfanin na lokacin, Lew Platt, ya sanar za a raba gida. Aka tattara kayan gwajin lantarki da na sinadarai da na asibiti da sashen ƙananan kayan lantarki aka yi sabon kamfani, aka raɗa masa suna Agilent, Ned Barnholt ya shugabance shi. Da aka sa hannun jarinsa a kasuwa a watan Nuwamba na shekarar an tara dala biliyan 2.1, wanda a lokacin ba a taɓa yin irinsa ba a yankin Silicon Valley, cibiyar kamfanonin fasaha ta Kalifoniya. Sunan HP kuma aka bar wa kwamfuta da firinta.

Na san hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Sunan ya fi amfani ga mai sayar wa talakawan gari, don wanda ya shiga kanti neman firinta suna yake bi, shi kuwa injiniya ko da wane suna ka zo zai duba takardar bayanan na'ura ya gane kayan gidansu. Ta fuskar kuɗi daidai suka yi. Amma ni har yanzu ina jin an yi wa tarihi ba daidai ba, shekara 60 ana gina amana a kan sunan nan da aikin awo, don mutane sun yarda in HP ya ce ƙarfin wutar bolt ɗaya ne to bolt ɗaya ne, kuma wannan amanar ce ta sa aka fara sayen kalkuletarsu da firintarsu ido rufe. Ranar rabon gado sai aka ba wanda ya ci albarkacin sunan, mai sunan ya fita da kayan aikinsa kawai.

Daga nan kowa ya kama gabansa. HP a ƙarƙashin Carly Fiorina ya haɗiye kamfanin kwamfuta na Compaq a 2002 bayan rigima mai zafi da Walter, ɗan Hewlett, wanda ya tsaya kai da fata cewa kar a yi, shi kuma Hewlett ya riga ya rasu a Janairun 2001. A 2015 shi ma ya dare biyu, HP Inc. mai laftof da firinta, da Hewlett Packard Enterprise mai manyan kwamfutocin kamfanoni.

Agilent kuwa bai daɗe da tsayawa da ƙafarsa ba kasuwar sadarwa ta rushe a 2001. Sun gwada tsohon maganin gida, aka rage albashi kashi 10 cikin 100 don a tsira tare, amma wannan karon ciwon ya fi ƙarfin maganin, dole aka sallami dubban mutane. Sai aka shiga yanka ana sayarwa. Kayan asibiti Philips ya saya a 2001. Sashen ƙananan kayan lantarki aka sayar wa masu zuba jari a 2005 ya zama Avago, wanda daga baya ya sayi Broadcom ya ɗauki sunansa, kun ga Broadcom ɗin nan da ake ji yau jikan HP ne ta wannan reshen. Sashen gwajin cif ɗin lantarki ya fita a 2006 da sunan Verigy, Advantest na Japan ya saye shi a 2011. A ɗaya hannun kuma Agilent yana ta zuba kuɗi a ɓangaren sinadarai da lafiya, ya sayi Varian a 2010 da Dako a 2012, har ɗan reshen nan da aka dasa da sayen F&M a 1965 ya zama shi ne uwar bishiya.

Abin da ya faru a 1999 sai ya sake faruwa sak. A 2013 aka sanar za a sake raba gida, Agilent ya riƙe suna da na'urorin tantance magunguna da abinci da ruwa, shi kuma awon lantarki, asalin sana'ar garejin nan, aka sake fitar da shi. A watan Nuwamba 2014 ya zama Keysight, hedikwatarsa a Santa Rosa ta Kalifoniya, Ron Nersesian ne shugaba na farko. Sau biyu kenan ana canza masa suna. Shi yasa za ka shiga ɗakin gwaji ka ga mita 3458A guda uku a jere, siffa ɗaya lamba ɗaya, ɗaya an rubuta HP ɗaya Agilent ɗaya Keysight, na'urar da aka fito da ita tun ƙarshen shekarun 1980 kuma har yanzu da ita ake duba gaskiyar wasu mitocin. Wayar da ke hannunka ma da wuya a ce ba ta bi ta gaban kayan Keysight ko na abokan gasarsa irin su Rohde & Schwarz na Jamus da Anritsu na Japan ba kafin ta baro masana'anta.

In kana son sanin wa su kansu suka ɗauka a matsayin magaji, duba inda takardu suka bi. Garejin titin Addison, wanda aka kafa wa allo a 1989 cewa nan ne mahaifar Silicon Valley, yana hannun masu sunan HP. Amma tarin wasiƙu da jawabai da rubuce rubucen Hewlett da Packard ɓangaren awo suka bi, daga HP zuwa Agilent, daga Agilent zuwa Keysight. A watan Oktoba 2017 gobarar daji da ake kira Tubbs ta shiga Santa Rosa cikin dare ta cinye dubban gidaje, ta taɓa harabar Keysight, manyan gine ginen sun tsira amma wasu ƙananan ɗakuna na wucin gadi sun ƙone ƙurmus, kuma a cikinsu ne aka ajiye akwatunan takardun nan sama da 100.